Kafin Ki Bi Maigida Ƙasar Waje, Tambayi Ɗakin Da Za Ki Sauka

Yau ina so in jawo hankalinku ga wani al'amari da ya shafi gidaje da yawa a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. Kun dai sani, da zarar an yanke shinkafa a fadama, an cire albasa da tafarnuwa, sai mazajenmu su kama hanya. Wani ya bi ta Illela ya faɗa Birnin Ƙonni ya wuce Gana, wani ya nufi ƙasa mai tsarki. Wanda Allah ya buɗa wa, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya aiko a kai masa iyalinsa. Nan da nan gida ya ɗauki guɗa, a shiga ɗinki da dakan yaji. Amma da wuya a sami wanda zai ce, shin ina yarinyar nan za ta sauka? Ɗakin na wane ne?

A ganina ke ya kamata ki fara wannan tambaya, kuma ba rashin kunya ba ne, tun da muhalli haƙƙinki ne a kan miji kamar ci da sha da sutura. Shi zai fita da asuba, sai bayan isha ya dawo. Ke za ki yini a ɗakin, ke za ki nemi ruwa, kuma ranar da mai gidan haya ya zo da fushi, ke zai tarar.

Bari mu fara da Gana. A zamanin kakanninmu falke ba ya neman haya. Yana isa zango sai ya sauka wurin mai masauki, a ba shi ɗaki, a ajiye masa kuɗinsa, a nemo masa mai saye, in an yi ciniki mai masauki ya ɗauki la'adarsa. A kan wannan al'ada ne unguwanni irin su Sabon Zango, wadda Malam Bako ya kafa a Ankara ta Gana a farkon ƙarni na 20, suka tashi. To, amma wannan tsari na matafiyi ne wanda ya baro matarsa a gida. Mai iyali a yau haya zai kama. Gidajen haya kuwa a Nima ko Mamobi, ko Aboabo ta Kumasi, galibi ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida guda. Babu zaure, babu sashen mata. Kowa a ƙofar ɗakinsa yake girki. Da yawansu ba su da bayan gida, sai an fita waje an biya kuɗi an bi layi. Ke da kika saba da katangarki, ba mai ganinki sai muharraminki, ki duba ki gani ko za ki iya. Wata za ta iya, wata ba za ta iya ba, amma ai gara a faɗa mata tun tana ɗakin uwarta.

Sai maganar kuɗi, inda mata suka fi shan wuya. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 gaba ɗaya. Duk da haka abin da aka saba gani shi ne a nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ban da na dillali. Ina miji zai samo su? Sau da yawa daga wurinki. Na san wata baiwar Allah da ta sayar da tumakinta da 'yan kunnen gwal na aurenta aka aika. Mijin ya damƙa wa wani dillali, ba rasit, ba shaida, wai don ɗan gari ɗaya ne. Da ta isa ta tarar da wasu mutane a ɗakin. Wata uku ta yi tana raɓe a ɗakin wata tsohuwa. Haba jama'a! Ko akuya za ka saya a kasuwar Acida ai sai an yi shaidu. A Gana akwai ofishin gwamnati mai sauraron ƙarar masu haya, amma me za ki nuna musu in ba takarda?

A Saudiyya lamarin ya fi haka tsauri, don can takardar gida a ɗaure take da takardar zama. Yarjejeniyar haya sai an yi mata rajista a tsarin gwamnati da ake kira Ejar, baƙo kuma sai da iƙama. Ke nan wanda ya je umara ya maƙale ba shi da halin kama gida da sunansa. Sai ya raɓa da sunan wani, ranar da suka ɓata kuwa ba shi da inda zai kai ƙara, don shi kansa ɓuya yake yi. Kuma daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni masu yawa a Jidda, har da Karantina, inda 'yan'uwanmu suka daɗe suna samun ɗaki mai rahusa. Don haka in an ce miki ki taho akwai gida, tambaya ta farko ita ce, yana da iƙama? Ke ma an yi miki taki?

Kada a ce na cika tsoro. Tsofaffinmu suna tune da watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar Gana. Mutane suka sayar da kayansu a wulaƙance, suka baro ɗakunan da suka biya. Mu ma a 1983 haka muka yi wa mutanen Gana. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga ba biza na kwana 90, amma wanda zai zauna da iyali sai ya nemi izinin zama.

Shawarata ita ce, ki roƙi maigida cikin ladabi ya aiko da hoton yarjejeniyar ta waya kafin a sa ranar tafiya, tare da hoton ɗakin da tsakar gidan da wurin ruwa. In akwai wata 'yar garinku a can, a sa ta ta je ta gani da idonta, don ido na mace yana ganin abin da namiji zai wuce. Kada ki sayar da kayan ɗakinki duka, kuma ɗakinki na gida a rufe shi kawai, kada a ba wa wani.

Ku kuma 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi wa gida amfani. Kullum ina faɗa wa 'yan ajina, in irin wannan takarda ta zo, ku zauna ku karanta wa inna a hankali. Ku duba sunan wa aka rubuta a matsayin mai haya, na baba ne ko na wani? Nawa aka biya, daga wane wata zuwa wane wata? Wa zai biya wuta da ruwa, kuma kwana nawa za a ba su in za a tashe su? In da Faransanci ko Larabci aka rubuta ta, ku kai wa malaminku ya fassara muku kafin a tura ko sisi.