SHARHI: KUNNE YA GIRMI KAKA

A Kankiya da Kusada, kamar sauran garuruwan Jihar Katsina, ba wuya a sami dattijon da ya daina zama majalisa, ko dattijuwar da jikoki suka gaji da maimaita mata magana. Jama'a sukan ce tsufa ne, wani lokaci ma a ce taurin kai ne ko ruɗewa. Alhali kuwa sau da yawa ji ne ya ragu, kuma akwai taimakon da za a iya yi.

Likitoci sun bayyana cewa can cikin kunne akwai wani sashe mai kamar dodon koɗi, wanda ke ɗauke da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi. Su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Yayin da shekaru suka tura, waɗannan ƙwayoyi sukan lalace sannu a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Siririn sauti ne ke fara ɓacewa. Shi ya sa tsoho yakan ji muryar namiji, amma ta mace ko ta yaro ta gagare shi, ko kuwa ya ji ana magana a kasuwa ya kasa rarrabe kalmomin.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ba da rahotonta na farko kan ji a 2021, ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su harkokin yau da kullum. Haka kuma wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya sa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa, a rahotonsa na 2020. Mutumin da ba ya jin huɗuba, ba ya jin bayanin malamin asibiti, ba ya jin ƙahon mota a kan titin Kano zuwa Katsina wanda ya ratsa Kankiya, lalle yana cikin kaɗaici da haɗari.

Ba tsufa kaɗai ke jawo wannan ba. Ƙarar injin niƙa da janareto da lasifika tana gaggauta shi ga wanda ya daɗe a kusa da su. Ciwon sukari da hawan jini su ma suna da hannu. Akwai kuma allurai irin su jentamaisin waɗanda kan lalata ji idan aka yi su barkatai ba da umurnin likita ba. A gefe guda, wasu tsofaffin dattin kunne ne kawai ya toshe musu hanya, abin da ma'aikacin lafiya zai fitar cikin ɗan lokaci. Sosa kunne da tsinke ko ashana ko gashin kaza ƙara tura dattin ciki yake yi.

Inda gizo ke saƙa shi ne nisan magani. Ƙwararrun likitocin kunne suna manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da na Malam Aminu Kano a Kano, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Manomin Kusada mai shekara 70 ba zai kama wannan hanya ba saboda abin da ya ɗauka ƙaddarar tsufa ce.

Saboda haka jaridar nan tana kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ta kawo aikin kusa da jama'a. Kankiya tana da Babban Asibiti, tana kuma da makarantar koyon aikin lafiya. Ya kamata a koya wa ɗalibanta duban kunne da gwajin ji mai sauƙi, bisa littafin horo da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada don ƙananan asibitoci. Ya kamata kuma a keɓe rana guda kowane wata da ƙwararre zai zauna a Kankiya, a kuma sassauta kuɗin na'urar ƙara ji ga marasa hali. Na'urar ba ta maido da kunnen ƙuruciya, amma tana maido da hira, in dai an auna ta daidai da kunnen mai ita.

Iyalai ma suna da nasu nauyi. A fuskanci tsoho yayin magana, a rage rediyo, a yi magana a hankali ba da tsawa ba. Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, a kai shi asibiti ran nan.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Dattawan nan su ne taskar tarihi da sulhu a kowace unguwa. Al'ummar da ta bari suka fita daga hira, ita ce ta yi asara.