Abin da ke rufe ba ya son zafi

Ɗan'uwa mai karatu, ka san abin da ke sa ƙwayar masara ta fashe ta zama gugguru? Ɗan ruwa ne a cikinta. In ya ji wuta sai ya koma tururi, tururi kuwa yana son wuri fiye da ruwa sau 1,600. Ƙofa babu, sai ya fasa ɓawo. Haka ƙwai ke yi cikin garwashi.

Gwangwanin maganin sauro ma haka ne. Ko ya ƙare, da sauran iska ciki. Kada ka jefa shi a juji mai wuta.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne isansi. Nan Kalfu zafin bazara kan wuce digiri 40, mu ko muna aje bido cikin ɗaki, wai gudun ɓarawo. Haba! Ɓarawo bido ɗaya zai ɗauka, wuta kuwa gidan duka. Tururin man ne ke kamawa. Ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya isa murhu, ba ka gani ba. A watan Mayu na 2019, a Yamai kusa da filin jirgi, tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasa, sai wuta ta tashi. Fiye da mutum 55 suka rasu.

Ka aje mai a inuwa, waje da ɗaki, nesa da madafa. Kada ka cika bido har baki. Tankin babur ko duro, ko babu kome ciki, kada ka kai wa mai walda sai an wanke shi sarai.