Kalmar "Flood" da Ɗalibin Guri: Ba Kowace Cikowa Ce Ambaliya Ba

An saba a azuzuwan Turanci na ƙasar Hausa malami ya rubuta "flood" a allo, ya sa "ambaliya" a gefenta, a wuce. A ganina wannan fassara rabin ma'ana ce, kuma babu inda naƙasunta ya fi fitowa kamar Guri da sauran garuruwan fadamar Haɗeja.

A bakin Bature, kalmar tana ɗaukar duk ruwan da ya haura gaɓa ya malale busasshiyar ƙasa, ko da ɓarna ko babu. Bahaushe kuwa ya rarrabe. Idan kogi ya kawo, ruwa ya shiga fadama a kan lokacinsa, cikowa ke nan: ita masunci ke jira, a kanta shinkafa ke tashi, kuma bayan janyewarta ake shuka a danshi, makiyayi ya sami ɗanyar ciyawa da rani. Ambaliya ita ce mai rushe gidaje da cinye gonaki, irin wadda Jigawa ta gani a 2020 da 2022.

Illar gwama su ba ƙarama ba ce. Rubuce-rubucen Turanci a kan dausayin Haɗeja zuwa Nguru sukan ce madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, sun rage "flooding" a yankin. Ɗalibin da "ambaliya" kaɗai ya haddace zai ɗauki wannan albishir ne, alhali marubutan asara suke nufi: fadama ta tsuke, kifi ya ragu. Sai ya karanta labarin garinsu a juye, ya kuma amsa tambayar jarrabawa a juye.

Za a ce mai koyo na bukatar kalma guda da zai riƙe kafin a faɗaɗa masa. Hujjar tana da ƙarfi a Kano ko Zariya, inda yaro bai san ruwan da ya wuce gaɓa ba sai a matsayin masifa. Ɗan Guri kuwa da bambancin ya tashi. Ajin ne ke ƙwace masa shi. (Abin lura, Turancin masana raya karkara ma aron "fadama" ya yi daga gare mu.)

Masu tsara ƙamus da littattafan makaranta su fara da "cikowa", su biyo da "ambaliya", kowace da jimlarta. Ma'anar aro, kamar kaya su cika kasuwa maƙil, ta jira aji na gaba.