A Saurari Matan Tij Kafin A Yanke Musu Hukunci

'Yan'uwana ɗalibai da malamaina, akwai wata magana da wasu 'yan boko ke yi game da bikin Tij na matan Hindu, wadda na kasa haɗiyewa. Wai bikin bautar da mata ne kurum, an ɗaure mace da yunwa don miji ya yi tsawon rai. Ni kuwa na ce masu wannan magana sun kalli bikin da ido, amma ba su saurare shi da kunne ba.

Ana yin Tij da damina, tsakanin Yuli da Satumba, a arewacin Indiya da ƙasar Nepal, don tunawa da auren Parvati da Shiva, waɗanda Hindu ke bauta wa. A birnin Jaipur mata kan yi ƙunshi, su hau lilo. A Nepal kuwa sukan sa jajayen tufafi, su ci abincin da suke kira dar a jajibere, kashegari su yi azumi, wasu ko ruwa ba su sha, sa'an nan su yi dafifi a wurin ibada na Pashupatinath a Katmandu.

Na yarda, al'ada ba ta ɗora wa miji irin wannan azumi don matarsa ba, kuma wannan abin tsokaci ne. To, amma wa ya tsaya ya ji abin da matan ke rerawa? A lokacin nan ne matar aure ke komawa gidan iyayenta, ta haɗu da ƙawayenta. Cikin waƙoƙin Tij na Nepal mata suna kuka da uwar miji mai takura, da miji mashayi, da uban da ya aurar da 'yarsa tana ƙarama ya kai ɗansa makaranta. Abin da ba ya faɗuwa a tsakar gida, ranar nan a bainar jama'a ake rera shi. Bayan juyin siyasar 1990, waƙoƙin sun ƙara shiga zancen mulki da 'yancin mata. Daidaita 'ya mace da ɗa namiji wajen gadon dukiyar iyaye, wanda tsarin mulkin Nepal na 2015 ya tabbatar, ya daɗe a bakin mata kafin ya hau takarda.

Mu ɗaliban adabi ai bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ina iyayenmu mata suka zuba kukansu game da kishiya da uwar miji, in ba cikin waƙoƙin niƙa da daka da daɓe ba? Wanda ya raina waƙar matan Tij, gobe ta kakarsa zai raina. Saboda haka duk mai son sukar bikin nan, bismilla, amma ya fara jin ta bakin masu shi tukuna.