Fansho Ba Gadon Ma'aikacin Gwamnati Ba Ne

Daga Gusau zuwa Tsafe da Bunguɗu, har ƙauyuka irin su Ruwan Ɓore da ke tura samarinsu birni neman na kai, magana ɗaya ce a bakin masu gidajen burodi, injinan casar shinkafa, gidajen bulo da na ruwan leda: "Fansho ai na ma'aikacin gwamnati ne, mu nawa muke?" Har yaran gidan sun haddace ta. Amma doka ba haka ta ce ba.

Tun 1961 Najeriya ta kafa asusun tanadi domin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, wanda NSITF ta gaje shi a 1993. Dokar fansho ta 2004 ta hau kan duk mai ma'aikata 5. Wadda ta maye gurbinta a 2014 ta wajabta tsarin a kan mai ma'aikata 15 zuwa sama, ta kuma buɗe ƙofa ga masu ƙasa da 3 da masu sana'ar kansu. Na tsakiya fa? Nan 'yan majalisa suka bar giɓi, kuma cikinsa iyayen gida da yawa suke laɓewa, ko da yake hukumar fansho ta PenCom ta ɗauki matsayin cewa daga mutum 3 abin yake farawa.

To, a bar batun giɓin. A shiga gidan burodi mai tanda biyu a ƙirga masu kwaɓi, masu gashi, masu ɗauri, direbobi da mai gadi, a ga ko ba su haura 15 ba. Sai Alhaji ya ce ai ba ma'aikata ba ne, "yarana ne". Yaro mai furfura da 'ya'ya shida! Da can kalmar tana da nauyi, domin maigida yakan yi wa yaronsa aure, ya sallame shi da jari. Yau wanda ya shekara ashirin gaban tanda, ranar da ƙirji ya gaza, kuɗin mota kawai zai gani.

Wai kuɗin sun yi yawa. Doka ta ce maigida ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. A albashin naira 50,000, na Alhaji 5,000 ne a wata. Gaskiya ne dizal ya yi tsada, rashin tsaro kuma ya karya kasuwannin Zamfara, amma ba a taɓa jin an hana janareto mai don kamfani ƙarami ne ba.

Masu cewa ai maigida ba zai yar da nasa ba su tambayi tsofaffin ma'aikatan masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka rufe a 2002, shekara nawa suka yi suna bin haƙƙinsu. Amfanin tsarin yanzu ke nan: kuɗin suna asusu mai sunan ma'aikaci, a hannun kamfanin fansho, ko masana'anta ta durƙushe ba za su bi ta ba.

Saura hujjar riba, wadda ake ji sosai a jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999. Ita ma ta faɗi, domin tun 2021 akwai asusun fansho na musamman da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Mai walda da tela kuwa, tun Maris 2019 aka buɗe musu ƙaramin tsarin fansho, inda mutum zai zuba abin da ya sawwaƙa, ya iya cirar wani kaso idan buƙata ta taso, sauran su jira tsufa.