Wasiƙar Akawu Daga Gyaɗi-Gyaɗi: Ina Arzikin Ya Koma?

Zuwa ga Edita,

Ga ni na sake zuwa roƙon ɗan filin da ka saba ba ni. A makon jiya na yi alkawari zan yi magana a kan kwatocin Tarauni tun damina ba ta sauka ba, amma wata muhawara ta taso a majalisarmu wadda ta sa na jingine wancan zance, ko da ya ke mai karatu zai gani a ƙarshe ashe maganar ɗaya ce.

Ga yadda abin ya faru. Ran Asabar na shiga Kantin Kwari na sayo wa maiɗakina turmin atamfa. Da dare, da muka taru wurin mai shayi a bakin Titin Zariya, sai na warware ta ina nuna wa wani dattijo maƙwabcina, wanda ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa kafin a rufe ta. Ya murza bakin zanen da yatsa biyu, sa'an nan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, wannan daga Sin ta zo. Adon namu ne, amma audugar ba tamu ba ce, ladan saƙar ma ba mu muka ci ba." Wani malamin makaranta da ke zaune ya ce ai arzikin Nijeriya ƙarewa ya yi. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "A'a, Malam, arziki ba ya ƙarewa, ƙaura ya ke yi. Ka dai tambayi inda ya koma."

Na kwana ina juya maganan nan. Ni akawu ne, abin da aka fara koya mini kuwa a makarantar mishan shi ne littafin kuɗi shafi biyu gare shi, na shiga da na fita, duk kwabon da ya bar littafinka kuma yana can zaune a littafin wani. Saboda haka bari mu bi sawun arzikin nan, mu ga inda ya sauka, da abin da ya tafi da shi.

Lokacin da Baturen nan na Jamus, Barth, ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Tufafin da aka saƙa a ƙauyukanmu aka rina a karofinmu ana kai su har Tumbutu da Tarabulus a kan raƙuma. Watau a zamanin nan mu ne masu sayar wa duniya sutura, fuskar cinikinmu kuwa arewa ta ke duba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fuskar ta juya kudu, wajen teku. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa domin masaƙun Ingila, amma manomin Kano ya yi nasa lissafi ya ga gyaɗa ta fi riba, tun daga 1912 kuwa gyaɗa ta cika tasha. Daga nan aka sami dalar gyaɗa, aka sami attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955.

To, a nan ne na ke so akawuna da malamai su lura. A wancan zamani kuɗin mulki daga hannun talaka su ke fitowa, ta hanyar haraji da jangali da gyaɗa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, baitulmalin En'e ne ya jawo ruwan famfo da lantarki cikin birni. Kada wani ya ce ina yabon zamanin da babu aibi. Kakanninmu sun sha wuya a hannun masu karɓar haraji, har wasu suka bar garuruwansu. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 kuma takan sayi gyaɗa a hannun manomi ƙasa da kuɗin da ta ke sayarwa a Turai, ta riƙe rarar. Amma duk da haka akwai abu guda: in damina ta yi gardama a Bichi ko Gaya, baitulmali zai ji a jikinsa. Dole mai mulki ya san halin da gona ke ciki, ko ba don tausayi ba, don kansa.

Ana nan sai aka haƙo man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fita da shi waje a 1958. Da kuɗinsa suka yi tashin gwauron zabo a 1973, a daidai lokacin da fari ya kama Arewa, ga kuma cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, sai dala ta baje ba ta sake tashi ba. Tun daga nan baitulmali ya daina jiran kaka, ya koma jiran ƙarshen wata, ranar da a ke rabon kuɗin tarayya. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, talakawa sun yi murna, sun kuwa yi gaskiya. Sai dai akuya gidan mai ba ta dusa ta sani. Hukumar da ba ta ci daga hannunka, da wuya ta tsaya ta saurari bakinka. Iko ya bi kuɗi ya tafi Ikko, daga can kuma ya koma Abuja a 1991.

Wannan ƙaura ta cikin gida ke nan. Akwai kuma ta waje, wadda ita ce ta zo da atamfar maiɗakina. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, masaƙu suka yi ta ƙaruwa a Arewa, Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika da ma'aikatu, mutanen unguwannin nan namu da yawa da albashinsu suka gina gidaje. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki, aka rushe hukumomin ciniki, aka karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Nijeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, Sin ta shiga a 2001, a farkon 2005 kuma aka ɗauke iyakar da aka yi wa cinikin tufafi tsakanin ƙasashe. Masaƙar da ke kwana tana ƙona man janareta ta yaya za ta yi gasa da wadda lantarkinta ba ya ɗaukewa? Ga kuma fasa-ƙwauri ta kan iyaka. Ɗaya bayan ɗaya aka yi ta rufe ƙofofi. Kantin Kwari bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi, amma garin da ya tufatar da Tumbutu ya zama dillalin zanen wasu.

In kuna son ku ga ƙaurar arziki a cikin gida ɗaya, ku dubi zuriyar Ɗantata. Kakan ya tara gyaɗa a Kano. Tattaɓa-kunnensa, Alhaji Aliko Ɗangote, da ya tashi gina matatar mai wadda aka shirya ta tace ganga 650,000 a yini, a Lekki ya gina ta, bakin teku, aka buɗe ta a 2023. Ba laifinsa ba ne. Ɗan kasuwa inda jirgin ruwa ke tsayawa ya ke kafa rumfa. Naira kuwa, wadda a 1980 ta fi dalar Amurka daraja, a 2024 sai da aka ba da fiye da 1,500 kafin a sami dala guda.

Yanzu ga gyare-gyare sun zo, su ne kuma dalilin wasiƙan nan. Na farko, ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kowa ya ji a kuɗin adaidaita-sahu da na kwanon masara a kasuwar Tarauni. Amma a ɗaya shafin, kuɗin da a ke raba wa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata sun ƙaru ƙwarai. Abin da ya fita daga aljihun talaka ya shiga littafin hukuma.

Na biyu, ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasan nan kasonsu kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun gwamnoni ba, kuma ba a yarda da shugabannin riƙo waɗanda ba zaɓaɓɓu ba. Kason nan ba ƙarami ba ne, ya kai kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, Kano kuwa ƙananan hukumomi 44 gare ta, ta fi kowace jiha. Shekara guda bayan hukuncin ana ta kukan ba a cika shi ba, gama yanke hukunci daban, aikata shi daban.

Na uku, dokokin haraji huɗu da aka sa wa hannu ran 26 ga Yuni, 2025. Masu karatu za su tuna hayaniyar da aka yi tun daga Oktoba 2024, sa'ad da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi yarda da yadda aka so a raba harajin sayen kaya, wanda a ke kira VAT. Asalin rigimar shi ne wannan: ka sayi katin waya a Gyaɗi-Gyaɗi, kamfanin ya biya harajin daga babban ofishinsa na Ikko, sai a rubuta kuɗin Ikko ne. Da farko an nemi a raba kashi 60 na kason jihohi bisa inda harajin ya fito. Bayan ja-in-ja aka tsaya a kan rabin kuɗin a raba daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Harajin kansa ya tsaya a kashi bakwai da rabi, wanda abin da ya ke samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba kuma an yafe masa harajin albashi.

Ni a ganina Arewa ta yi daidai da ta tsaya a kan hakkinta. Amma abin kunya ne a ce duk ƙarfinmu a wurin rabo ya ke, ba a wurin nema ba. Kuma akwai abin da ba a faɗa wa talaka ba: har gobe yana biyan haraji. Kakansa ya biya aka ba shi rasit ya adana a cikin layu, ya san an karɓa. Shi kuwa yana biya a katin waya da siminti da atamfa, ba rasit, saboda haka ya ɗauka kuɗin hukuma kyauta ce daga sama, in an yi masa kwalbati ya yi godiya kamar an ba shi sadaka.

Saboda haka ga shawarata, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba. Ofishin Babban Akanta na Tarayya yakan buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, watau shafin shiga a buɗe ya ke. Saura shafin fita. Ina roƙon kowace ƙaramar hukuma, har da tamu ta Tarauni, ta riƙa manna takarda a bangon sakatariya da ƙofar kasuwa duk wata, da Hausa, boko da ajami: ga abin da ya shigo, ga na albashi, ga na asibiti, ga na kwata, ga sunan unguwar da aka yi aikin. Ban ce wani ya ci kome ba. Amma akawun kirki ba ya jin tsoron mai binciken littafi, shi ke ma kiransa. In kuɗi sun sauko kusa da mu ido bai sauko tare da su ba, ɓera kawai aka sauya wa rumbu.

Sa'an nan mu dubi abin da mu ke sayarwa. Riɗi da zoɓo na tashi daga kasuwar Dawanau zuwa ƙasashen waje, har Meziko, fatunmu na tafiya Italiya su dawo takalma. Kamar gyaɗar jiya, ɗanye mu ke bayarwa mu sayo dafaffe. An fara shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kano a 2020, an fara hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021. Madalla. Amma mu tuna jirgi gaba biyu gare shi: wanda ya tafi da gyaɗa a 1912 shi ne ya dawo da akoko daga Ingila. In ba mu da abin lodawa, wasu za su loda mana. Abin da ya kamata wakilanmu su riƙa tambaya a majalisa shi ne yaushe wutar da za ta tayar da Sharaɗa za ta zo, da yaran da ke yawo a titi, wa zai koya musu karatu da sana'a kafin injinan su tashi.

Ku kuma 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da malaman zaure, nauyin a kanmu ya ke. Mu ne muka iya karanta lissafi. In muka karanta muka yi shiru, wanda bai iya ba wa zai kama? A karanta wa jama'a a majalisa, a fassara musu, a je wurin kansila da ladabi a tambaya.

Da na gaya wa dattijon nan abin da zan rubuta, sai ya yi dariya ya ce in ƙara da cewa har yanzu yana ajiye da katinsa na aiki, ko da za a buɗe masaƙa a nemi tsofaffin hannu. Allah ya nuna masa ranar. Maganar kwata kuwa tana nan tafe mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu talakawa ikon tambaya, amin.

Ni ne naka,
Akawun Gyaɗi-Gyaɗi,
Tarauni, Kano.