Sauyin Yanayi: Gaskiya Ne Ko Tatsuniyar Turawa?

Yau za mu taɓo maganar da ake yawan musu a kanta a majalisu da teburin mai shayi, tun daga Dutse da Kiyawa har Jahun da Miga da Ringim, musamman idan damina ta yi ɓarna. Shin sauyin yanayin nan da ake ta faɗa a rediyo gaskiya ne? In gaskiya ne, mutane ne suka jawo shi? Kuma ya kai yadda ake zuzuta shi?

Kada ku raina wanda ya yi shakka, domin ita kanta kimiyya da tambaya aka gina ta. Bambancin ɗalibi da mai gardamar banza shi ne, ɗalibi in ya yi tambaya yakan tsaya ya ji hujja. Bari mu ɗauki maganganun da aka fi yi, mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

"Ai tun zamanin kakanni ana fari da ambaliya"

Wannan gaskiya ne. A 1913 zuwa 1914 an yi mummunar yunwa a ƙasar Kano, wadda aka sa wa suna Kakalaba. An yi fari mai tsanani a 1972 zuwa 1974, aka sake yi a 1983 da 1984, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare. Ku tambayi kakanninku, za su ba ku labari.

Sai dai a Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, wato "yanayi", ga abubuwa biyu. Akwai yanayin yau da gobe: yau hadari, gobe hazo. Akwai kuma halin da sararin wuri ya saba da shi, wanda masana ke aunawa a tsawon shekara 30. Na farko kamar gwaji ɗaya ne na lissafi, na biyu kuwa sakamakon ɗalibi ne tun daga aji ɗaya har aji shida. Wanda ya ce "bana an sha sanyi a Dutse, ina ɗumamar?" ya duba gwaji ɗaya ne ya yanke hukunci.

To me dogon sakamakon ya nuna? Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye awo, inda ta ɗara matsakaicin zafin 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.5. Wani zai ce digiri ɗaya da rabi ai ba komai ba ne. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya kai 38.5, zazzaɓi ke nan, sai a nufi asibiti.

"Ɗan Adam ya yi kaɗan ya canza sama"

Ga yadda abin yake. Rana na dafa ƙasa, ƙasa kuma na mayar da zafin sama. Wasu iskoki, musamman iskar kabon, suna tare wani kaso na zafin kamar bargo. Ba don bargon ba da duniya ta daskare. Matsalar ita ce muna ƙara masa kauri duk lokacin da aka ƙona fetur ko gas ko kwal, ko aka sare daji.

Wannan sani ba jiya aka ƙirƙiro shi ba. Tun 1859 John Tyndall ya gwada a ɗakin bincike ya ga iskar kabon na riƙe zafi. A 1896 Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, ya yi lissafin yadda ƙaruwarta za ta ɗumama duniya. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan na iska, kimanin 280 ne kabon. Yau ya haura 420, kuma tun 1958 ake auna shi a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai a Amurka. Ko rana ce ta ƙara zafi? Taurarin ɗan Adam suna auna ƙarfinta tun 1978, ba su ga ƙaruwar da za ta bayyana wannan ɗumama ba. Shi ya sa a 2021 kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce babu sauran tantama ayyukan mutane ne suka ɗumama duniya.

Masu cewa "maganar Turawa ce" suna da ƙorafi mai tushe a wuri ɗaya: duk nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Amma in gobara ta tashi daga gidan maƙwabci ta kamo dangarku, cewa ba ku kuka kunna ta ba ba zai kashe wutar ba.

"Ba wani sauyin yanayi, dam aka buɗe"

Wannan ita ce maganar da ta fi shafar mu a Jigawa. Kogin Haɗeja, wanda ya ratsa ta Ringim da Taura da Miga da Auyo, ruwansa daga jihar Kano yake gangarowa, inda madatsun Tiga da Challawa suke. An gama Tiga a 1974, Challawa kuma a 1992. A ambaliyar Satumban 2010 jami'an Jigawa sun ɗora laifi a kan sakin ruwan waɗannan madatsu, aka yi ta ka-ce-na-ce. Ga kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja, ga yashi da ya cike kogi. A cikin gari kuwa, leda da shara sun cushe kwatoci, wasu sun yi gini a kan hanyar ruwa. Duk waɗannan dalilai ne na gaske.

Amma ku yi tambaya ta gaba: me ya cika madatsar har ta tumbatsa? Ruwan sama. Iska mai ɗumi kamar soso take: duk ƙarin digiri ɗaya tana ɗaukar ƙarin laima kimanin kashi 7 cikin 100. Idan ta tashi saukewa sai ta juye da yawa a lokaci guda. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Bayan nan ƙungiyar masana mai suna World Weather Attribution ta yi bincike, ta gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan daminar a yankin Tafkin Chadi ƙarfi da kimanin kashi 20 cikin 100.

Ashe ke nan ba sai an zaɓi ɗaya ba. Sauyin yanayi yana ƙara yawan ruwan da ke sauka a lokaci guda, mu kuma halinmu shi ke yanke irin ɓarnar da zai yi. Don haka ku yi hattara da ɓangare biyu. Mai cewa babu sauyin yanayi zai hana mu shiri. Mai jingina komai ga sauyin yanayi kuma yana iya fakewa da guzuma ya harbi karsana, don kada a tambaye shi dalilin da ya sa ba a yashe magudana ba. Ledar da ke kwatar unguwarku ba masana'antar Turai ce ta jefa ta ba.

Masana da kansu ba su ce sun san komai ba. Har yanzu lissafinsu bai zo ɗaya ba a kan ko jimillar ruwan shekara zai ƙaru ko zai ragu a kowane sashe na Sahel. Inda bakinsu ya haɗu shi ne ƙaruwar zafi da yawaitar ruwa mai ƙarfi.

"Ikon Allah ne"

Ƙwarai kuwa, babu abin da ke faruwa sai da ikonsa. Zazzaɓin cizon sauro ma da ikon Allah yake zuwa, amma mun san sababinsa, muna kuma kwana cikin gidan sauro. Kun san ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, wanda ya sa aka tara hatsi a shekarun yalwa saboda shekarun fari. Sanin sababi da yin tanadi ba su saɓa wa tawakkali ba.

Me ya sa wannan muhawara ta dame mu? Saboda a gonakin iyayenmu take ƙarewa. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina: lokacin saukarta, lokacin ɗaukewarta, da inda ake sa ran ruwa zai yi tsaiko. Manomin da ya ce duk ƙarya ce, ya shuka gero da ruwan farko, in aka yi mako biyu ko uku ba ruwa, ya yi asarar iri da wahala. Hasashe yakan kuskure, amma ya fi rufe ido.

Ga aikinku na wannan mako. Na farko, ku sami dattijo ko dattijuwa a gidanku ku tambaye su: da can a wane wata ake shuka? Waɗanne itatuwa ne suka ɓace a garinku? Wace fadama ce ta ƙafe? Ku rubuta amsoshin. Na biyu, ku roƙi malaminku na labarin ƙasa ko na aikin gona ku kafa ma'aunin ruwan sama a makaranta. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa. Ku ajiye shi a fili nesa da bishiya da indararo, ku auna zurfin ruwan da milimita kowace safiya a lokaci ɗaya, ku zubar, ku shigar a littafi. In kun gama makaranta ku miƙa wa 'yan ajin da ke bayanku. Littafin shekara ɗaya ba zai raba gardama ba, amma na shekara 30 zai raba, kuma dole wani aji ne zai buɗe shafin farko.

Ku aiko mana da abin da dattawanku suka faɗa, za mu buga waɗanda suka fi armashi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.